Filin Tambayi Oga: kayan kabon faiba na oda, wanne ne aiki wanne ne ado?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tunda na yi subutar baki na ambaci kabon faiba a fitowar da ta wuce, wajen amsar da na ba wani kan rage wa mota nauyi, saƙonni suka yi ta shigowa kamar an buɗe famfo, to na tattara masu kama da juna na haɗe su, wasu na rage musu tsawo, don Allah wanda ya ga an yanke masa gaisuwa kar ya ji haushi, filin ne ba yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum Oga, barka da aiki. Ni dai motata na riga na gama da ɓangaren inji, an sa mata babban turbo an sake saitin kwamfuta, salansa ma na canja, yanzu abin da ya rage a raina shi ne bonet na kabon faiba. To na shiga intanet na ga iri biyu, ɗaya suna ce masa jiƙaƙƙen kabon ɗaya busasshen kabon, a hoto wallahi ban ga bambanci ko kaɗan ba amma kuɗin busasshen ya ninka na ɗayan har da ɗoriya. Anya ba wayon 'yan kasuwa ba ne kawai? Daga Mai Baƙar Mota.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba wayo ba ne, ko da yake masu wayon suna nan a ciki, kuma da yawa. A hoto ba za ka taɓa ganin bambanci ba don fuska ake ɗauka, shi kuwa kabon ta bayansa ake gane shi, sai kuma a kan sikeli.

Bari mu faro daga tushe don sauran masu karatu su biyo mu. Abin da muke ce wa kabon faiba abu biyu ne aka haɗa, zare da gam. Zaren siriri ne sosai, kaurinsa wajen maikiron 7, gashin kanka ya fi shi kauri kusan sau goma, kuma yawancinsa daga wani zaren roba ake yin sa mai suna PAN, a bi da shi ta wuta mataki-mataki har zafin ya haura digiri 1000 a inda ba iskar oksijin, sauran abubuwan da ke jikinsa su fice a bar kusan zallan kabon. Sai a tara shi dami-dami, in ka ga an rubuta 3K sili 3000 ke nan a dami ɗaya, 12K sili 12000, a saƙa shi kamar yadi. Kamfanin Toray na Japan shi ne uban tafiya a harkar, shi ya sa kake jin masu sayarwa na ta kiran T300 da T700, sunayen zarensa ne. To shi yadin nan shi kaɗai ba ya tsinana komai, lanƙwashewa yake kamar tsumma, sai an jiƙa shi da rezin, wato gam ɗin ifoksi, ya daskare ya riƙe zaren a inda aka ajiye shi. Ƙarfin a zare yake, gam riƙo ne kawai aikinsa, duk gam ɗin da ya wuce buƙata nauyin banza ne kake yawo da shi. A nan gizo ke saƙar.

Jiƙaƙƙen, shimfiɗa yadin ake yi a mazubi a ɗauko burushi a shafa gam da hannu a bar shi ya bushe, kuma hannun mutum ba ma'auni ba ne, nan ya yi yawa can ya yi kaɗan, ga ƙananan kumfa na iska da ke maƙalewa a ciki. Busasshen kuwa, sunan ma suna ne kawai don da gam a jikinsa, in ka taɓa yana ɗan danƙo kamar bayan sitika, sai dai tun daga masana'anta aka auna masa gam ɗin daidai, wajen kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na nauyinsa, kuma a firiza ake ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifili don kar ya fara daskarewa tun ba a yi aiki da shi ba. In an jera shi a mazubi sai a sa a leda ta musamman a zuƙe iskar tas, a tura cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ake kira otokilab, a gasa shi a wajen digiri 120 ana danne shi da matsin iska da ya ninka na tayar motarka fiye da sau biyu. Firizar nan da tukunyar nan da awannin gashin nan su kake biya. Akwai kuma hanya ta tsakiya, a jera yadin a bushe a rufe da leda a zuƙe iska sai gam ya bi ta tiyo ya ratsa shi da kansa, in mai aikin ya iya wannan ma yana fitowa da kyau ƙwarai, ni ba na raina shi.

Amma abin da nake so ka fi kiyayewa ba wannan ba ne. Bonet da yawa da ake sayarwa da sunan kabon faibar gilas ce, irin ta jikin kwale-kwale, aka lulluɓa mata falle ɗaya tal na kabon a sama don ido. Shekarun baya wani yaro da muke aiki tare ya yi odar irinsa, ya iso yana ƙyalli kamar madubi, yaron nan har hoto ya ɗauka da shi tun yana cikin kwali. Na ce kawo mu ɗora a sikeli kafin mu ɗaura. Na motar na asali, wanda dama alminiyam ne, ya ba mu kilo 9, sabon ya ba mu 11. Muka kifa shi muka ga bayan, baƙin fenti ne aka fesa a kan faiba mai gashi-gashi, na sa farce na ɗan kankara sai ga fari ya leƙo. Ya biya kuɗi ya ƙara wa hancin motarsa kilo biyu.

Saboda haka kafin komai ɗauko maganaɗisu ka manna a bonet ɗinka. In ya kama ƙarfe ne, akwai riba a canjawa, don a girma ɗaya ƙarfe na da nauyin 7.8, alminiyam 2.7, kabon wajen 1.6. In bai kama ba to ribar ƙarama ce, sai dai in kyan kake so, kuma son kyau ba laifi ba ne, kar dai ka yaudari kanka. Ka ce mai sayarwa ya turo hoton baya da hoton kayan a kan sikeli, in ya fara kame-kame ka san amsarka. Kuma ko wanne ka saya ka sa masa fil ɗin nan biyu na kulle bonet ta sama, don makullin da aka manna a jikin bonet marar kyau yana iya ɓallewa ana cikin gudu, bonet ya tashi ya rufe maka gilas.

Tambaya: Oga ina gaisuwa. Motata tsohuwar yayi ce ba a yi mata kayan kabon a kasuwa, na sa mata tayoyi masu faɗi sun leƙo waje, ina so a yi min fenda masu faɗi na kabon na musamman. Wanda na samu ya ce kuɗin mazubi ma ya fi kuɗin fendar kanta kuma sai na bar masa motar makonni. Ni na ga kamar so yake ya yanke ni. Me ka gani? Daga Baban Amira.

Amsa: Baban Amira a gaida Amira. Ban san mutumin ba ban kuma ga aikinsa ba, amma maganar da ya faɗa maka maganar mai sana'a ce, wanda zan ji tsoro shi ne wanda zai ce ka dawo jibi.

Kayan oda guda ɗaya sau uku ake ƙera shi, na ukun kawai kake tafiya da shi gida. Da farko sai an yi samfur, ko dai a ɗauki surar motar da na'urar sikanin a zana a kwamfuta inji ya sassaƙo, ko a manna soso mai tauri a jikin motar a yi ta sassaƙa da hannu ana cikewa ana gogewa da samfefa har siffar ta fito, a yi mata fenti a goge ta yi sumul, don duk wani ɗan ƙarce da ke jikin samfur zai koma jikin mazubi, daga mazubi ya koma jikin fendarka. Na biyu mazubin, a shafa wa samfur kakin hana mannewa a gina mazubi a kansa, in siffar tana da lungun da kaya ba zai zaru ba sai an raba mazubin gida biyu ko uku ana ɗaurewa da noti. In kuma da busasshen kabon za a yi to mazubin kansa sai ya zama mai jure zafin gashi, wani kuɗin ke nan. Kar ka manta kuma fenda hagu da dama ne, mazubi biyu kake magana.

Sannan a zo ga jerawa, kuma wannan in ba ka taɓa tsayawa ka kalla ba ba za ka gane me ya sa ake tsadarsa ba. Fallen farko shi ne wanda ido zai gani, yawanci saƙar nan mai layi a karkace wadda ake ce wa biyu-biyu, ita ta fi bin kwana fiye da saƙar ɗaya-ɗaya mai kama da dara. Na taɓa zama ina kallon wani dattijo yana sa fallen farko a kwanar fenda, safar hannu a hannunsa, yana tura yadin da babban yatsa kaɗan-kaɗan yana ɗan hura masa iska mai ɗumi, ya kusa gamawa sai zare ɗaya ya ja, layin ya ɗan yi maciji wanda ni sai da ya nuna min na gani, bai ce uffan ba ya ɓare fallen gaba ɗaya ya jefar ya yanko sabo. Sauran fallayen na ciki kuma ba jibga su ake ba, zare ta tsawonsa kawai yake da ƙarfi, shi ya sa ake juya su, wannan a miƙe wancan a gicciye na gaba a kwana 45, wani wurin a sa wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma a tsakiya, irin Nomex, don ya yi kauri ya ƙi lanƙwasa ba tare da ya yi nauyi ba.

Dalilin barin motar kuwa, ƙarfe in bai zauna daidai ba mai gyaran bodi zai ɗan bubbuga ya shige, kabon in bai zauna ba bai zauna ba, guduma sai dai ta fasa shi, dole a yi ta gwadawa a jikin motar ana duba tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa da bonet. Shawarata biyu ce. Ka nemi masu irin motarka mutum uku ko huɗu ku raba kuɗin mazubin, don fenda ta biyu da ta uku ba sa cin abin da ta farko ta ci. Sannan ku yi magana tun yanzu, a rubuce, mazubin na wa ne in an gama, don ranar da ka goga fendar a jikin gini za ka so a ce yana nan. In kuwa ya ce zai lulluɓe tsohuwar fendar taka ta ƙarfe da kabon ne kawai, wannan kwalliya ce, nauyi ma ƙaruwa zai yi.

Tambaya: Yallabai sifoila ta da murfin madubai na duk na kabon ne, ko shekara biyu ba su yi ba sun koma ruwan ɗorawa, wani wurin ya yi hazo-hazo yana ɓarewa. Jabu aka sayar min? Daga Abu Turbo.

Amsa: Ba lallai ba ne. Zaren kabon ba ruwansa da rana, gam ɗin ne ba ya shiri da ita, hasken rana yana cin ifoksi a hankali ya sa shi rawaya ya yi gari-gari. Abin da ke kare shi shi ne fentin kiliya na sama mai tare hasken, irin wanda ake fesa wa jikin mota, masu aikin araha kuma ko su fesa shi shafal-shafal ko ma su bar kayan da ƙyallin gam kawai. Ka sa farce a wurin, in saman ne ke ɓarewa kamar fatar da ta bushe, mai fenti zai goge da samfefa mai laushi da ruwa ya sake fesa kiliya mai kyau hawa biyu ko uku, ya dawo. Ka dai ja masa kunne, da ya ga ruwan gugar ya fara baƙi ya tsaya, ya kai zare ke nan, kuma saƙar da aka ci da samfefa ba ta dawowa. In rawayar ta shiga can cikin gam ɗin to ba za ta fita duka ba, ko ka haƙura ko ka fente shi da kalar motar, kabon da aka fente nauyinsa na nan yadda yake. Wani abin kuma, gam mai araha yana fara laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, baƙin abu kuma ka san yadda yake shan rana, shi ya sa wasu kayan ke ɗan murɗewa, duk abin da zai zauna kusa da turbo ko salansa sai an tambaya da wane gam aka yi shi, a kuma manna masa takardar tare zafi ta ƙasa.

Tambaya: Oga in na sa babban fiffike na kabon a baya, irin na motocin tsere, gudu zai ƙaru? Daga Ƙaramin Direba.

Amsa: Ƙanena raguwa ma zai yi. Fiffike ba don gudu aka yi shi ba, fiffiken jirgin sama ne aka kifa, maimakon ya ɗaga sai ya danna motar ƙasa tayoyi su ƙara kama titi a kwana, kuma ladan da yake karɓa shi ne jan iska, wato ƙarshen gudunka a miƙaƙƙiyar hanya ya sauka. Sannan dannawar ba a hankali take ƙaruwa ba, in gudu ya ninka biyu ita ninkawa huɗu take, abin da fiffike ke yi a kilomita 180 ya ninka na 60 sau tara, ka ga a zirga-zirgar cikin gari kusan kaya ne kawai ka ɗauka. A filin tsere kuwa yana aiki, aikin ne ma abin tsoro in ba a lissafa ba, don in ka danna baya kaɗai gaba sai ya yi sakayau, ka juya sitiyari mota ta ƙi bin ka, musamman mai jan gaba, shi ya sa ake haɗa shi da faranti a ƙasan bamba ta gaba don su daidaita. Kuma fiffiken gaske ba a fatar murfin but ake ɗaure shi da ƙananan sukurori ba, sai an ƙarfafa wurin ko a kai ƙafafunsa jikin ƙashin motar. Iska ba ta san ko da kabon aka yi shi ko da alminiyam ba, siffa take gani.

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibar injiniya ce kuma ina son motoci. Muna musu da yayana, shi ya ce kabon tarwatsewa yake kamar gilas in an yi hatsari don haka haɗari ne, ni kuma na ce ai da shi ake motocin Formula 1. Yana son cire ƙofofin motarsa ya sa na kabon amma yana tsoro. Wa ya fi gaskiya? Daga Ummi.

Amsa: Malama Ummi ke da yayanki kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya, kuma musun naku ya girme ku. Zaren kansa ya daɗe, wani masani ɗan Japan Akio Shindo ya yi aikin fitar da shi daga PAN a Osaka wajen 1960, masana a Farnborough ta Ingila suka inganta hanyar a 1963, amma na jiragen sama ne a lokacin. Da John Barnard ya zana wa McLaren motar MP4/1 a 1981 da akwatin direba na kabon, wani kamfanin Amurka mai suna Hercules ne ya yi musu sassan, mutane da yawa a harkar tsere abin da yayanki ke faɗa shi suka faɗa, wai ranar da ta daki bango sai dai a share gari. A shekarar nan John Watson ya yi mummunan hatsari da ita a Monza ta Italiya, inji da giya suka ɓalle suka yi nasu wuri, akwatin da yake ciki ya tsaya cak, mutumin ya fito da ƙafarsa. Daga nan bakin masu musu ya mutu, sauran ƙungiyoyi suka bi sahu, har McLaren ta kawo abin kan titi da motarta mai suna McLaren F1 a 1992.

To amma ki lura, wannan akwati ne da injiniyoyi suka lissafa kowane falle da inda zarensa zai fuskanta. Gaskiya ne kabon ba ya lotsewa kamar ƙarfe, yana riƙewa ne yana riƙewa sai ya kai iyakarsa ya karye, in an tsara shi da kyau wannan ruɓuzawar ita ke shanye ƙarfin duka, in ba a tsara ba kuwa ɓarewa kawai zai yi ya bar hanya. Ƙofar motar yayanki ta asali akwai sandar ƙarfe a cikinta da aka sa don in an dake shi ta gefe, wasu motocin ma na'urar da ke tayar da jakar iska ta gefe a cikin ƙofar take. Ƙofar kabon ta 'yan tsere yawanci fanko ce, don su sun dogara ne da kejin bututun ƙarfe da aka walda a cikin motar. In motar tasa ta filin tsere ce mai keji, bismillah. In wadda yake ɗaukar ki a ciki ce, ki ce na ce ya bar ƙofofin nan yadda ya gan su.

Tambaya: Oga na ɗaura farantin kabon a ƙasan bamba da maƙalai na alminiyam, yanzu wajen notocin ya yi farin gari kamar gishiri kuma maƙalan sun fara cinyewa. Menene wannan? Ba suna.

Amsa: Batir ka haɗa ba ka sani ba. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki, in ya taɓa alminiyam kai tsaye ga danshi a tsakani, ballantana ruwa mai gishiri, sai wuta 'yar kaɗan ta riƙa gudana, kuma alminiyam ɗin ne ke biyan bashin, shi ke cinyewa. Masu aikin kirki suna sa falle ɗaya na faibar gilas a inda kabon zai haɗu da ƙarfe don ya raba su. Kai yanzu ka canja maƙalan da suka ci, ka sa wosha na roba a tsakani, ka shafe bakin hudojin da gam don kar zaren ya zauna tsirara, noti kuma ka nemi na baƙin ƙarfen nan marar tsatsa. Wannan ɗaukar wutar ita ce kuma dalilin da ya sa ba a rufe eriya ko na'urar rada ta gaban mota da kabon, tare sigina yake.

Sai 'yan gajeru da suka yi ta maimaituwa. Masu tambayar sitika mai zanen kabon, ku manna abinku ba wanda zai kama ku, kar dai ku zo kuna ce min motar ta yi sauƙi. Mai tambayar kabon ɗin nan mai dabbare-dabbare kamar dutsen marmara, shi ma na gaske ne, gutsattsarin zare ne ake cakuɗawa da gam a matse a mazubi mai zafi, Lamborghini ce ta fito da shi fili a motar Sesto Elemento a 2010 tare da kamfanin Callaway masu sandunan wasan golf, ya fi saurin yi kuma yana shiga lungu, sai dai yawancin wanda ke yawo a kasuwa yanzu gutsattsarin aka barbaɗa a sama don ado. Mai son huda kayansa da kansa, ka manna tef a wurin, ka sa katako a baya don kar zaren ya fashe ta ƙasa, ka rufe hanci da baki da abin rufewa na gaske, ƙurar ba ta huhu ba ce kuma tana sa ƙaiƙayi, in ta shiga injin hudar ma tana iya haɗa masa waya. Mai sitiyarin kabon kuma, in dai za a cire jakar iska don a sa shi, ni ba da yawuna ba. Kujerar tsere ita ma ka duba tambarin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, a jikinta, masu lambar 8855-1999 shekara biyar aka ba su a gasa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, in mutum kuɗinsa na abu ɗaya ne kawai kuma aiki yake so ba ado ba, ina zai fara? Sannan ina da murfin but na kabon da wani ya jingina ya ɗan tsage, yana gyaruwa? Daga Alhaji Mai Ja.

Amsa: Alhaji tare da naka. Lissafin ba daɗi amma bari mu yi shi, motar da ta kai kilo 1500 in ka cire mata 10 ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ka taɓa ba, rabin tankin mai ya fi haka nauyi, don haka ba yawan kilon kaɗai ake dubawa ba, daga ina aka cire shi. Wuri uku ne kilo ɗaya ke yin aikin da ya fi na kilo ɗaya, abin da ke juyawa, abin da ke ƙarƙashin sifirin ɗin mota yana bin gargadar hanya, da abin da ke can sama. Rim ya haɗa biyun farko, shi ya sa Ford ta sa wa Shelby GT350R rim na kabon a 2015 daga kamfanin Carbon Revolution na Ostareliya, amma rim ba abin da za ka ba mai ƙaramin shago oda ba ne, wannan sai kamfanin da ke gwada kayansa, in kuɗin bai kai ba rim mai sauƙi na alminiyam zai ba ka kaso mai tsoka na ribar. Farfela ta kabon, wato sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, ita ma aiki ce ga mai jan baya, Nissan 350Z da ita ta fito daga kamfani. Na sama kuma rufi ne, irin yadda BMW ta yi wa M3 CSL a 2003, yana sauko da nauyin motar ƙasa ta rage tangaɗi a kwana, sai dai yanke rufi a manna wani babban aiki ne ba na kowa ba. Ni in ni ne, kuma motar ta titi ce, rim da taya mai kyau zan fara, bonet ya biyo baya in na ƙarfe ne.

Murfin but ɗin kuma yana gyaruwa tunda ba shi ke ɗauke da motar ba. Amma tsagar da kake gani ba ita ce iyakar ciwon ba, fallayen na iya rabuwa ta ciki saman yana nan lafiya lau. Ɗauko kwabo ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali daga nesa kana matsowa wajen tsagar, lafiyayyen wuri zai ba ka ƙara mai kaifi, kas kas, inda ya rabu sai ka ji ta koma dum dum kamar kwali, ka zagaye wurin da alli. Mai gyara zai goge har iyakar allin a gangare, ya jera sabbin fallaye ta baya yadda zaren zai bi na asali, ya matse da leda. Ta baya zai yi ƙarfi kamar da, ta gaba dai in ka matso da ido za ka ga inda saƙar ta haɗu. In da rim ne ko farfela ya tsage da ban ce ka ɗauko kwabo ba, cewa zan yi ka cire shi yau.